Jakin Gidanmu a Ƙofar Bariki

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina yanzu, har sunayen jikokina sai na jera uku kafin in faɗa kan wanda nake kira, amma ba zan taɓa mantawa da Nowel ɗina ta farko a barikin Tanut ba. (Nowel ita ce sallar Nasara, wadda mutanen kudu ke ce wa Kirsimeti. Ba tamu ba ce, amma duk wanda ya zauna bariki dole ya san da ita, don a lokacin ne ake sakin ma'aikata su je ganin gida.) Har yau in sanyi ya shigo na tuna da ranar, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A lokacin gwamna yana Damagaram, ba a mai da shi Yamai ba tukuna. Mota kuwa labarinta kawai muke ji. Ni ina amarya. Ni da maigidana 'yan gari ɗaya ne, wani ƙauye kusa da Gangara a ƙasar Damargu, in aka ɗaga murya a gidansu ana ji a namu. Wata biyu da bikinmu aka ɗauke shi aikin gardi, wato dogarin Nasara, aka ba shi jar hula da ɗamara, aka ce ya tafi Tanut. Na ɗaure ƙoraina da akushina na bi shi ina taƙama. Har na ce wa ƙawayena, "Ku zauna nan ku yi ta sussuka, ni na tafi birni." (Birnin nan kuwa, da na je, bukkoki ne a jere bayan gidan kumandan, Baturen da ke mulkin wurin, kowace da 'yar zanarta, sai iska.)

Ba zan yi wa bariki ƙarya ba, ba mu yi yunwa ba. Ana auna mana gero, maigidana kuma mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Abin da ya kusa kashe ni shi ne shiru. Na fito daga gidan da in an sauke tuwo sai an jera akussa tara, na dawo ina tuƙa na mutum biyu a wata 'yar tukunya da ko kunyar ɗora ta a murhu nake ji. Da asuba a busa ƙaho, maigida ya fita, shi ke nan sai la'asar. Matan da ke kewaye da ni, wannan Bazabarma, waccan daga wata ƙasa mai nisa da ban taɓa jin sunanta ba, sai mu yi wa juna murmushi mu wuce. Mutum ɗaya ce ta riƙe ni, Ya Fanna matar sarjan, shugaban gardawa, wata Babarbariya mai jiki da yawan dariya, wadda zanarmu ɗaya da ita. Ita ta koya mini zaman bariki, ita ce kuma ke leƙowa ta ce, "Ke 'yar Damargu, yau ma kukan ne? Ki rage mana, kada bukkar ta jiƙe."

Da damina na daure, don na san kowa yana gona, ko na je ba mai lokacina. Amma da kaka ta yi, sanyi ya fara shigowa, sai gida ya riƙa zuwa mini a ido ko ina tsaye. Na san yanzu an cika rumbuna. Na san Inna ta fito da turame uku tsakar gida, ita da ƙannena mata suna luguden daka suna jefa taɓarya sama suna tafawa. Na san Kaka tana zaune a gindin rumbu tana shan hantsi, ta rufa da tsohon bargonta, tana ɓare gyaɗa tana ɓoye rabi a bakin zane don wanda ya yi mata biyayya a ranar. Babanmu yana tufka igiya, ya maƙale bakinta a babban yatsan ƙafa. Ayarin Buzaye ya sauko da gishiri da dabino, raƙuma sun durƙusa a bayan gari, ana musaya da gero, yara suna bin su suna tsintar abin da ya zube. Ga wana, Yaya Habu, wanda tun muna ƙanana ba mu da aiki sai kwaikwayon mutanen gari. Shi ya yi liman, ni in yi matar liman, Inna ta kore mu da muciya tana ƙunshe dariya.

Mutum ɗaya ne a garin nan ban yi kewarsa ba, surukina. Ba don ya taɓa yi mini wani abu ba. Tsoronsa kawai nake ji, kamar kowa. Maginin rijiya ne, dogo, busasshe, rabin rijiyoyin yankinmu da hannunsa a ciki. Magana a wurinsa kamar ana sayar masa da ita. Kafin ya ce komai sai ya yi gyaran murya sau biyu, "Ehem, ehem," sannan ya ce, "To, madalla." A gaya masa an yi haihuwa, to madalla. A gaya masa akuya ta faɗa rijiya, to madalla. Duk cikin mutanen da ni da Yaya Habu muke kwaikwayo, nasa ya fi fita. Ni kuwa tun da na auri ɗansa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya sai in durƙusa tun daga nesa, in ya wuce in tashi.

To, wata rana maigida ya shigo da fara'a ya ce sarjan ya sa sunansa cikin waɗanda za a ba farmisiyo, wato hutu, a Nowel, kwana takwas, za mu je gida. Ban san sanda na yi guɗa ba. Daga ranar na fara shiri. Na wanke zannuwana duka. Na tara sukarin da ake ba gardawa, dunƙule-dunƙule, ban sha ko ɗaya ba, na ƙulle wa Kaka. Na samu wani gwangwani da kukun kumandan ya yar, na goge shi da toka har yana ƙyalli, don Inna ta riƙa zuba gishiri. Kullum da safe sai in zana layi a jikin tulu da gawayi in ga saura kwana nawa.

Shi ma kumandan yana nasa shirin. Ya sa aka saro masa reshen aduwa aka kafa a tsakiyar ɗakinsa, aka maƙala masa auduga da 'yan kyandira. Kuku ya ba mu labari cewa mutumin yakan zauna gaban iccen nan da hoton matarsa da 'ya'yansa a hannu, ya yi ta kallo ba ya ko motsi. Ni da Ya Fanna muka yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Ƙato da gashin baki, mai ɗaure mutane a kaso, yana kewar gida kamar amarya!" (Ku lura da mai maganar.)

Saura kwana shida aka ce manyan baƙi za su zo wa kumandan daga Damagaram su yi Nowel tare. Babu gardin da zai motsa. An soke farmisiyo.

Maigida ya faɗa mini yana kallon ƙasa. Na ɗauki tsumma na goge layukan da ke jikin tulu, na shiga ɗaki na juya wa ƙofa baya. Washegari ranar kasuwa ce. Na je na nemo wata tsohuwa 'yar garinmu da ke kawo daddawa, na ja ta gefe na ce, "Iya, don Allah in kin koma ki ce wa Yaya Habu, shi kaɗai, a kunne, ya zo ya gan ni ko na yini ɗaya ne. Ki ce masa in bai zo ba, gawata za a kai musu." Ta ce, "Haba 'yar nan, bakina alaikum, daga ni sai shi." (Daga baya na ji a bakin rijiya ta faɗa, gaban matan gari duka, har da ƙarin cewa na rame na zama kamar sillen kara.)

Ranar Nowel ta zo. Tun da safe bariki ya cika da hayaniya, an yanka raguna, gardawa sun sha wanki sun jeru a ƙofar gidan kumandan. Ni kuwa ina zaune na haɗa kai da gwiwa. Ya Fanna ta shigo da ƙwaryar lalle ta ce, "Tashi. Lallen da kika kwaɓa don tafiya ba zai lalace a banza ba. In ba ki je gida ba, ai ƙafarki ba ta yi laifi ba." Ta zaunar da ni a tabarma a jikin zana, wajen da rana ke bugawa. Ta lafta mini lalle a ƙafafu biyu, ta naɗe da ganye da tsummoki ta ɗaure tam. Ta cusa hannuna na dama cikin zunguru. Ta ce kada in kuskura in motsa sai ta dawo, ta tafi duba tukunyarta.

Ina nan zaune kamar an dasa ni, wajen hantsi, sai na ji kukan jaki a bayan zana. Jakuna suna kuka a Tanut kullum, amma wannan kukan na san shi. Yana farawa da ƙarfi ya ƙare da wani siririn shiƙa kamar tsohuwa ta ƙware. Na kwantar da kai na leƙa ta wata ɓula a ƙasan zana. Baƙin jaki, kunnen hagu a tsage. Duna! Jakin babanmu, wanda na hau tun ban iya ɗaura zane ba. Kusa da shi ƙafafun mutum cikin takalmin faɗe, ya juya baya ya sunkuya yana ɗaure masa dabaibayi.

Wa zai zo da Duna in ba Yaya Habu ba? Ban jira sallama ba. Ban jira komai ba. Wata biyar na magana da ke cushe a cikina suka ɓalle lokaci ɗaya.

"Yaya! Yaya Habu! Wayyo Allah, ka zo! Kada ka shigo tukuna, lalle ne a ƙafata, ba ni da ko mayafi, tsaya nan in gaya maka. Yaya na gaji. Wallahi na gaji. Ina Inna? Ina Kaka, tana nan da rai? Kullum sai na yi mafarkin ta mutu ban gan ta ba. Yaya wannan wuri ba wurin zaman mutum ba ne, ko wanda zan yi wa faɗa babu."

Ƙafafun suka tsaya cak. Ban damu ba, na ci gaba. Ina kuka ina magana, majina tana zuba, ba hannun sharewa.

"Shi kuma wannan," na ce, sai na kama sunan maigidana. Sunansa na yanka, garau, ba ko sakayawa. (Ba zan maimaita shi a nan ba. Sau ɗaya na faɗe shi a rayuwata, ya ishe ni.) "Shi ba ruwansa, an ba shi jar hula yana ta ƙamewa a rana kamar turke. Da na san haka ne da na bar shi ya taho shi kaɗai. Amma ina zan zauna? Gidansu? In yi ta shan miyar kukar uwarsa? Yaya ka taɓa shan miyar nan? Kana hango gindin ƙwarya ta cikinta! Ruwan rijiya ma ya fi ta kauri!"

Sai aka yi gyaran murya a bayan zana.

"Ehem, ehem."

Jama'a, da mai hankali ce da ta tsaya nan. Ni kuwa sai na fashe da dariya, hawaye na zuba. Na ɗauka Yaya Habu ne ya fara wasanmu na da don ya faranta mini rai.

"Kai Yaya, Allah ya shirye ka! Wallahi ka iya shi! Kamar shi ne a tsaye! Amma ba ka ja ta sosai ba, tsaya ka ji." Na gyara zama, na kumbura wuya, na saukar da murya can ƙasa. "Ehem, eheeem. Tooo, madalla. Baba, gari ya kama da wuta. To, madalla. Baba, kura ta ɗauke Inna. To, madalla." Na ƙara da cewa, "Mutumin nan ko ranar salla ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Anya yana da su kuwa?"

Duna ya kaɗa kunne. Sannan murya ta fito daga bayan zana, a hankali, ba gaggawa, muryar da ba ta buƙatar kowa ya kwaikwaye ta.

"To, madalla. Salamu alaikum."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Kamar an kwara mini ruwan tulu na asuba daga ka har ƙafa. Na sake leƙawa ta ɓular, na ɗaga ido sama kaɗan, abin da ya kamata in yi tun farko. Doguwar riga mai ruwan ƙasa, farin gemu, igiyar rijiya a naɗe a kafaɗa. Surukina ne.

Na yunƙura in gudu, na manta ƙafafuna a naɗe suke. Taku ɗaya na yi, lalle ya zame da ni, na tafi gaba ɗaya na faɗi rub da ciki. Zunguru ya bugi turmi ya tarwatse, lalle ya fantsama mini a fuska. Na tashi na sake zamewa. A ƙarshe da rarrafe na shiga ɗaki, tsumma ɗaya ya kwance yana bina kamar wutsiya, na shige bayan tulu na ja tabarma na rufa. Kuma duk wannan a kan idon matan bariki, don ashe tun da na fara ɗaga murya suka jeru a kan zana suna kallo. Su suna ganin wanda ke tsaye, ni ce kaɗai ban gani ba. Waɗanda ba sa jin Hausa ma sun gane komai.

Ya Fanna ce ta cece ni. Na ji ta fito da gudu tana cewa, "Maraba, maraba Baba, sannu da hanya," muryarta na rawa don dariyar da take dannewa. Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ta kawo ruwa, ta dama masa fura. Ya sha, ya yi hamdala. Ta leƙo ɗaki ta ce a hankali, "Fito ki gaishe shi." Na ce, "Ya Fanna, ki ce na mutu." Ta ce, "Ai ya ji muryarki, gawa ba ta yin wannan surutu."

A bayan tulun nan na yini. Ina ta lissafin abin da zai biyo baya. Zai gaya wa ɗansa na kama sunansa. Zai gaya wa matarsa zancen miya. Za a kira babanmu gaban manya. Inna za ta rasa inda za ta sa kanta a gari. Wataƙila ma gidan da nake kuka in je, in je shi gaba ɗaya, da ƙoraina a ka.

Da la'asar maigida ya dawo riƙe da cinyar rago da aka raba musu. Na ji ya yi turus, sannan ya zube yana gaisuwa.

"Baba! Lafiya? Wani abu ya faru a gida?"

"Ehem, ehem. Lafiya lau. Saƙo ya iso gari cewa yarinyar nan ba ta jin daɗi. Habu ya ɗaura niyyar tahowa, na ce ya zauna. 'Yata ce yanzu, ni ya kamata in zo. Na aro jakin gidansu don shi ta saba hawa."

"Ai da ba ka wahalar da kanka ba, Baba. Ta gaishe ka kuwa? Ina take?"

Na ƙara lafewa a bayan tulu.

"Mun gaisa," in ji tsohon. "Ta ba ni labarin gari duka tun ban shigo ba. Gobe da safe zan tafi da ita ta ga uwarta. In an sake ka, ka biyo mu."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Maigida ya shigo ɗaki ya same ni a bayan tulu, fuska duk lalle, ya ce, "Ke kuma lafiya?" Na ce zazzaɓi ne.

Kwana biyu ne tsakanin Tanut da garinmu a kan jaki. Ban taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Ina kan Duna na ja mayafi har haɓa, tsohon yana gaba da sandarsa, ba ya waiwaye. In ya tsaya salla in sauka can nesa. In ya miƙo mini dabino in karɓa da hannu biyu ina kallon ƙasa. Duk sanda ya yi gyaran murya sai in ce yanzu ne, sai kuma ya ci gaba da tafiya.

A rana ta biyu da azahar muka sauka a wata rijiya don Duna ya sha ruwa. Wasu Fulani sun gama shayar da shanunsu sun kora. Tsohon ya dafa bakin rijiyar ya leƙa ciki ya daɗe. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce:

"Ni na gina wannan."

Na ce, "Sannu Baba," da wata murya kamar ta sauro.

"Ina saurayi aka kai ni arewa, ƙasar Buzaye, aikin wata rijiya. Shekara guda ban ga gida ba. Ba mai jin maganata, ba na jin tasu. In na sauka can ƙasa, inda ba mai ganina, sai in ajiye diga in yi ta kuka ina kiran uwata. In an jawo ni sama a ce me ya samu idonka, in ce ƙasa ce ta faɗa." Ya zura guga cikin rijiyar. "Da na dawo na tarar an binne ta da wata biyu. Shi ya sa da na ji saƙonki ban bari an kwana ba."

Hawaye suka cika mini ido. Wannan mutumin da na mai da abin wasa tun ina yarinya, ya tako kwana biyu a ƙasa da tsufansa don kada abin da ya same shi ya same ni. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini. Wallahi ban san..."

Ya ɗaga hannu. "Sunan mijinki, ban ji ba. Iska ake yi." Ya jawo guga ya zuba wa Duna. "Zancen miya kuwa, gaskiya kika faɗa. Shekara talatin ina shanta ban gaya wa kowa ba. Kada ki sake faɗa, kada ki ce na faɗa."

Na saci kallonsa ta gefen mayafi. Kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi, marar sauti, ya juya wa rijiya fuska. (Yana da haƙora, jama'a. Na gan su. Saura huɗu ko biyar, amma akwai.)

Da yamma muka hango rumbunan garinmu. Tun kafin mu isa na jiyo luguden daka, na gane hannun Inna a ciki. Ƙannena suka sheƙo da gudu suna ihu, suka kusa ka da ni daga kan jaki. Inna ta fito da taɓarya a hannu, ta tsaya, ba ta ce komai ba, don 'yar fari ce ni a mata, ba ta iya nuna murna a gaban mutane. Sai ta juya ta ce wa ƙanwata, "Ke, ƙara tsaba a turmin nan," muryarta na karyewa. Kaka tana nan a gindin rumbunta da ranta. Ta shafa fuskata da hannu biyu, ta kwance bakin zane ta zuba mini gyaɗa, ni kuma na ba ta sukarinta. Ta lasa ta ce gishirin Nasara ba shi da kunya, daɗi kawai. Sannan ta dubi ƙafafuna, ɗaya ta kama jawur, ɗaya kamar an shafa mata miya, ta ce, "Haka ake lalle a birnin?" Yaya Habu kuwa yana ta ba ni haƙuri wai tsohon ne ya hana shi zuwa. Ya ce, "Yaya kuka ƙare da shi a hanya? Ehem, ehem..." Na ce, "Yaya, in ka sake yin wannan a gabana, ba ni ba kai." Ya yi ta mamaki.

Kwana goma sha biyu na yi a gida. Na yi daka har hannuna ya yi kanta, na yi faɗa da ƙannena a kan ludayi, na sha furar Inna har na kasa tashi. Na kuma je gidan surukaina kullum na yi musu aiki, na sha miyar nan na ce ta yi daɗi, tsohon yana gefe yana kallon sama.

Har Allah ya karɓi ransa bai gaya wa kowa ba. Matan bariki ne ba su da wannan kirkin. Ranar da na koma Tanut, tun daga bakin hanya nake jin gyaran murya daga kowace zana, har da Bazabarmar nan da ba ta iya ko sannu da Hausa ba. Sunan To Madalla ya bi ni shekara shida da muka yi a can. Maigida ya yi ta tambayar dalili, kowa ya ce masa ai don ina da godiya ne.

Abin da na koya shi ne, kewar gida tana sa mutum ya ga wanda yake so ya gani, ko da ƙafa kawai aka nuna masa. Shi ya sa yanzu in an taɓa ƙofa, jikokina suke ƙorafi wai sai na ce "Wane ne?" sau uku, an amsa, kuma in ce a shigo in ga fuska kafin in buɗe baki. Suna cewa tsufa ne ya sa Kaka rashin yarda da mutane. Ina barinsu a haka. Mutane na yarda da su sarai. Bakina ne ban yarda da shi ba.